Dagin Dogara

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ɓoye ruwa a cikinta, ya bai wa wani ƙarfin haƙa, wani kuma ya ba shi baki kawai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta. Bayan haka, ni ne Tunau ɗan Makau, mahaƙin rijiya jikan mahaƙin rijiya, wanda ku mutanen Dargaza kuka laƙaba wa Tunau Mai Ramuka. Tunda kun taru kuna ta naci sai na faɗa muku inda na shiga shekara huɗu, to ku ajiye gugunanku ku saurara. Wanda ya ji na taɓa shi kada ya tashi, don kusan dukkanku zan taɓa.

Farkon labarin kun san shi, da bakinku aka yi. Rijiya bakwai na haƙa a garin nan, kowacce ƙasar gindinta sai dai a yi taimama da ita. A ta farko kuka ce ƙaddara, a ta uku kuka fara ƙus-ƙus, a ta biyar 'ya'yanku suka yi mini waƙa. A ta bakwai na kai gaba goma sha tara, sai na tarar da wata farar ƙasa busasshiya kamar toka. Ubana ya koya mini, kamar yadda nasa uban ya koya masa, cewa mahaƙi in ya ga farar toka ya kama igiya ya fito, babu ruwa a bayanta. Ina durƙushe a ƙasa ina jin dariyarku tana gangarowa. Wani ya leƙo, na san muryarsa, ga shi can zaune yana sosa ƙeya, ya ce, "Tunau, a sauko maka da ruwan sha ne, ko ka ƙoshi da na ƙasan?" Gari ya kwashe da dariya, ni kuma na kama igiya na hau.

A gidanmu akwai al'ada: ramin da ya ƙi ka, ka damƙi ƙasar gindinsa ka ƙulle a tsumma ka ajiye. Shida na farko nakan kwance su in duba in shinshina. Na bakwai kuwa a duhun rami na damƙe shi cikin baƙin ciki, na yi masa ƙulli uku ban ko kalle shi ba. Washegari na ɗauki dagina, wato sandar ƙarfen da muke fasa ƙasa da ita, da salkata, da ƙunshin nan bakwai a burgami, na fita neman wanda ya fi ubana sanin ruwa. Haka na gaya wa kaina dai. Gaskiyar magana rabi neman sani ne, rabi gudun fuskokinku.

Na yi tafiya har sunayen garuruwa suka daina kama da na mutane. Na ƙetare kogin da ke komawa baya duk ranar Talata, na ratsa dajin da itatuwansa ke janye inuwa in matafiyi ya zauna. A wata na tara na shekara ta biyu na shiga Ƙasar Suri, inda gara ke kai girman jaki, surinta kuwa sai ka ɗaga kai hularka ta faɗi ba ka ga ƙarshensa ba. Salkata ta bushe kwana biyu. Ƙasar ƙamas take, ko ciyawa babu, amma da na dafa bangon wani suri sai na ji shi danye sharaf. Mahaƙi ba ya jin haka ya wuce. Na sami wata kafa na kutsa, na bi sahun ma'aikatansu masu gangarawa ƙasa, don na lura makafi ne, da hanci suke aiki.

A bangon hanyar akwai wata gansakuka mai ƙyalli, da haskenta na riƙa karanta ƙasa kamar yadda aka koya mini. Jar ƙasa, sannan tsakuwa, sannan marmara. Can sai ga farar toka. Ƙafata ta tsaya da kanta, na ji muryar ubana tana cewa juya. Ita gara ba ta san ubana ba, sai ta ci gaba, ni ma na bi ta. Ba mu yi nisa ba tokar ta fara nuna ɗigo-ɗigon shuɗi, sai kuma ga wata shuɗiyar laka mai tauri kamar gindin tukunya, tana warin tsatsa. Garar ta huda ta. A ƙarƙashin hudar ruwa ne kwance, baƙi wuluk, sanyi ƙalau, ban ga iyakarsa ba.

Na sha har cikina ya yi ciwo, na zauna na yi kukan da ban yi a Dargaza ba. Kukan ne ko warin jikina, oho, sai na ji ƙwas-ƙwas a bayana. Mayaƙansu ne, masu kai kamar turmi da baki kamar almakashi, suna shinshina iska suna matsowa. Gudu ba zai yi ba, hanya ɗaya ce kuma suna kanta. Sai na faɗa cikin shuɗiyar lakar nan na yi birgima har ta rufe ni ruf, na rungume dagi da burgami na dunƙule. Mayaƙan suka zo suka shinshina suka wuce. Wata ma'aikaciya ta ɗauke ni a matsayin curin gini, ta hau da ni har ƙolin suri, ta manna ni a bango ta shafe ni da baki tsaf, ta tafi ɗauko wani. Wallahi ta fi maginanku iya yaɓe. Na jira rana ta fara busar da ni, na sa dagi na ɓalle, na sulalo ƙasa da ɗuwawu.

Da na yi nisa na zauna, hannuna ya kai kan ƙunshi na bakwai. Ban kwance ba. In akwai shuɗi a cikinsa, to ba ƙasa ce ta ƙi ni ba, ni ne na gudu, kuma ban shirya jin wannan ba tukuna.

Bayan wata biyu na hango ganuwa fara fat, ita ce ta birnin Zarnuƙa. Ban taɓa ganin gari mai tsabta irinsa ba, ban kuma taɓa ganin matsorata irin mutanensa ba. Kowa da tsintsiya a hammata, babba da yaro. Taƙamarsu ita ce tun da aka kafa birnin ba wanda ya taɓa yin abu ya ƙi. Yadda suke yi kuwa, in tukunya ta fashe wa mai gini sai ya niƙe ta ya share kafin maƙwabci ya gani. Jariri ba ya fita tsakar gida sai ya iya tafiya, kada a ga faɗuwarsa. Miya ɗaya suke sha shekara ɗari uku, don ba macen da ke da zuciyar gwada wata. Kuma ƙishirwa na cinye su. Tafki ɗaya gare su na ruwan sama, ya janye saura kwata, ludayi uku ake ba mutum a wuni. Leɓunansu duk sun tsage, sai su shafa musu mai don su yi ƙyalli.

A bakin ƙofa aka kai ni gaban babbansu, wanda suke kira Sarkin Tsintsiya, wani dogo siriri mai tsintsiyar gashin jimina da mariƙin azurfa. Ya dubi dagina, idonsa ya yi haske, ya ce, "Baƙo, ka taɓa yin abu ya ƙi?"

Na ce, "Sau bakwai, ranka ya daɗe, ban da ƙanana."

Jama'a suka ja da baya suna toshe hanci, wani ya zo yana share sawuna tun ina tsaye a kansa. Sarkin Tsintsiya ya yi murmushi ya ce, "Madalla. Kasawar baƙo ba tamu ba ce. Za ka haƙa mana rijiya. Kwana arba'in gare ka. In rana ta faɗi ran na arba'in babu ruwa, za a mayar da ƙasar ramin kana ciki, a share wurin, ba kuma za a sake ambaton ka ba."

Na ce, "In na ƙi fa?"

Ya ce, "Wanda ya ƙi ya kasa ke nan tun bai fara ba. Ramin da ake haƙa wa irinsa gajere ne, shi kam ba ya ba mu kunya."

Don kada in ɓata musu gari, aka sauke ni a bayan ganuwa, a wasu bukkoki goma sha ɗaya da ba kowa cikinsu sai mata. Babbarsu wata gajeriyar tsohuwa ce mai suna Hakama, tafin hannunta duk tabon igiya. Ko sannu da zuwa ba ta yi mini ba. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai ne na goma sha biyun? Sun fara kawo ramammu."

A wurinta na ji sauran. Maza goma sha ɗaya aka binne a ramukansu, waɗannan matansu ne. Kuma da yake kowane rami ana share shi a hana zancensa, mai zuwa bai san inda na gabansa ya haƙa ba, balle abin da ya tarar. Uku daga cikinsu kusan wuri ɗaya suka haƙa, dutse ɗaya ya tsayar da su. Wannan ita ce hikimar mutanen Zarnuƙa, tir da ita.

Da safe na baza ƙunshina shida a rana ina dubawa, don ba ni da wani abin yi. Hakama ta tsaya a kaina ta ce, "Mene ne wannan, ɗan nan?"

Na ce, "Ramukan da suka ƙi ni ne, Inna."

Ta shiga ɗaki, ta fito da wata 'yar tukunya an liƙe bakinta da laka. Ta ce, "A garin nan miji ke haƙa, matarsa ke jan igiya, don ba mai taɓa igiyar da ƙila ta kasa. Kwandon ƙarshe da mijina Dogara ya turo mini, ban zubar ba. Shekara ashirin da uku ke nan."

Ashe duk haka suka yi, kowacce a ɓoye, kowacce tana zaton ita kaɗai ce mahaukaciya. Kafin hantsi tukwane goma sha ɗaya na jere a gabana. Goma jar ƙasa ce da tsakuwa da ɓarɓashin baƙin dutse. Da na fasa ta Hakama sai ga farar toka, da ɗigo-ɗigon shuɗi a cikinta. Na tofa yawu na murza na kai hanci, warin tsatsa ya buge ni.

Na ce, "Inna, ina ramin yake?"

Ta ce, "Babu rami, ba a taɓa yin rami ba." Ta waiwaya hagu da dama, sannan ta rage murya. "Taki ɗari biyu da shida daga ƙofar gabas, tsakiyar dandali. Kullum nakan bi ta kansa in tsaya in gyara ɗaurin zanena."

Da azahar na ƙirga takun, na kafa dagina a tsakiyar dandali, matan nan goma sha ɗaya na bayana da igiya da kwando. Sarkin Tsintsiya ya iso da sauri har rawaninsa na karkacewa, ya ce, "Ba nan ba."

Na ce, "Don me, ranka ya daɗe? An taɓa haƙawa a nan ne?"

Duk wani mai furfura a wurin ya san abin da ke ƙarƙashin ƙafata, don da hannunsa ya zuba ƙasar. Amma in Sarkin Tsintsiya ya ce e, ya ambaci kasawa ke nan a bainar jama'a, kuma hukuncin wannan a karɓe tsintsiyarsa a fitar da shi bayan ganuwa. Ya ce, "Ba a taɓa ba."

Na ce, "To sabuwar ƙasa ce. Bismillahi."

Ƙasar da aka mayar ba ta da wuyar haƙa, amma ba ta da amana. Don in yi sauri sai na tsuke ramin, na riƙa tokare gefensa da ƙyamaren bukkokin matan, waɗanda suka ɓalle suka ba ni da hannunsu. Ran ashirin da biyu ina gaba goma sha huɗu, sai na ji ƙyaure ya yi ƙara. Kafin in ɗaga kai gefe ya zubo, ya binne ni har wuya. Matan suka ja igiya har tafinsu ya fashe kafin su zaro ni. Ramin ya cike ya dawo gaba shida, ƙyamaren duk sun kakkarye a ciki. Da aka fito da ni ina tofar da ƙasa, sai na ga mutanen birni sun kewaye dandali suna gwada tsintsiyoyinsu a ƙasa, wai suna motsa hannu kafin ranar.

Na koma bayan ganuwa na kwanta, na juya fuska bango. Zuciyata ta mutu, ba zan ɓoye muku ba. Kwana goma sha takwas suka rage, aikin kwana ashirin da biyu ya tafi. Hakama ta shigo da kunu, na ce, "Inna, ba zan koma ba. Su rufe ni yau su huta, in huta."

Ta ajiye ƙwaryar, ta fita, ta dawo da tsintsiya ta jefa mini a ƙirji. Ta ce, "Ungo. Na ɗauka mahaƙi aka kawo mana, ashe wani ɗan Zarnuƙa ne da ya yi datti a hanya. Tashi ka shafa mai a leɓe ka shiga cikin 'yan'uwanka."

Ta zauna a bakin ƙofar da babu ƙyaure, ta ce, "Ranar da suka zuba wa Dogara ƙasa, sai da suka janye ni daga bakin ramin suka toshe mini kunne. Ban san yadda ya ƙare ba. Ko ya yi kuka, ko ya kira sunana ban amsa ba, ko ya yi ta kamun bango yana son fitowa. Shekara ashirin da uku da wannan nake kwana, da shi nake tashi. Ruwa kam su ya dama. Ni so nake wani ya sauka ya gano mini."

Na sha kunun. Da sassafe na sauka in ga ɓarnar, ba don ina da wata dabara ba. To a inda gefen ya zube sai na ga wani bango a baya, mai tauri, da sawun dagi a jikinsa, har da 'yan kafofin taka ƙafa an sassaƙa su a jere. Bangon Dogara ne. Ashe gaggawata ce ta sa na haƙa ƙaramin rami a cikin babba, na bar sakakkiyar ƙasa tana rataye a kaina. Da bai rushe ba, da ban gani ba. Daga ranar na buɗe ramin har bangonsa, na riƙa kwashe duk abin da aka zuba, ina sauka a kan matakan da ya sassaƙa. Ƙasar ta ninka, matan suka ɗaure tafinsu da tsumma suka riƙa ja huɗu-huɗu. Ko ƙyaure ɗaya ban sake nema ba, aikin mutumin nan ko tsaga bai yi ba.

Ran arba'in da la'asar na shiga farar toka. A sama masu kwanduna sun jeru da ƙasa a ka, Sarkin Tsintsiya na tsaye yana kallon rana kamar mai jiran buɗa-baki. Na ajiye dagi na koma tono da hannu. Yatsuna suka taɓa tsumman riga, sannan ƙashin baya.

A durƙushe na same shi. Bayansa ne ke kallon sama, kansa a sunkuye, hannuwansa biyu na riƙe da dagi, dagin kuwa ya nutse fiye da rabi a cikin shuɗiyar laka. Suna zuba masa ƙasa a gadon baya yana bugu, haka ƙasar ta danne shi.

Hasken bakin ramin ya fara ja. Na san in na fasa lakar yanzu ruwa zai shanye shi, matarsa ba za ta ga ko ƙashi ɗaya ba. Na tuɓe rigata, na ɓamɓare yatsunsa daga jikin ƙarfen ɗaya bayan ɗaya ina yi masa addu'a, na tattara shi kaf na ƙunshe, na sa a kwando na girgiza igiya. Kwandon bai kai sama ba na ji ƙasar farko ta zubo mini a ƙeya. Rana ta taɓa ganuwa ke nan, kuma mutanen Zarnuƙa ba sa makara a irin wannan aiki.

Na durƙusa inda ya durƙusa. Na riƙe daginsa da hagu, na ɗaga nawa da dama na doki kan dagin nasa. Ƙasa na zuba. Na sake doka, na sake, har ta rufe mini cinya. A bugu na biyar ƙarfen ya zurma kamar an ja shi daga ƙasa, na yi maza na cafke shi na murɗa na zare. Ruwa ya yi tsiri ya doke ni a haɓa. Duk ƙasar da suka zubo ta zama taɓo, kafin igiya ta dawo ruwan ya kai mini ƙirji.

Abin da na tarar a sama bai kamata a ba yara labarinsa ba. Masu tsabtar nan sun watsar da tsintsiyoyi suna ture juna, wani na tsotsar igiya, wani na lasar ƙafata. Sarkin Tsintsiya ya sha guga guda har yana sheƙewa, ya gyara rawani, ya ɗaga murya ya ce, "Ku shaida, birninmu ya haƙa rijiya sau ɗaya ya sami ruwa sau ɗaya, kamar yadda ya saba." Suka amsa da guɗa. Ko tsaki ban ɓata a kansu ba.

Hakama tana gefe zaune a ƙasa, ƙunshin rigata a cinyarta, ko ɗigo ba ta sha ba. Na je na tsuguna a gabanta. Ta ce, "Yaya ka same shi?"

Na ce, "A durƙushe, Inna, yana aiki. Bai juyo ba, bai kama bango ba. Hannunsa biyu na kan dagi, saura taƙi ɗaya ya fasa."

Ta shafa ƙunshin, ta daɗe tana shafawa. Sannan ta ce, "Haka yake. In yana aiki ba ya jin kira. Ko abinci sai na yi ta magana."

Washegari muka wanke ƙasusuwan da ruwan rijiyarsa, muka binne shi a bayan ganuwa, muka kafa dutse babba a kansa. Masu shara suka zo, matan nan goma sha ɗaya suka zauna a kewaye da dutsen da igiya a hannu, sai masu sharar suka tuna suna da aiki a wani wuri. Da zan tafi Hakama ta miƙo mini dagin ta ce, "Tafi da shi, ɗan nan. Garin nan babu hannun da ya cancance shi."

A gindin dutsen nan na ciro ƙunshi na bakwai. Ƙulli ukun sun ƙi kwantuwa, sai da na sa haƙori. Farar toka ce, da ɗigo-ɗigon shuɗi a cikinta, har sun fi na Dogara yawa.

Sauran kun gani da idonku. Na dawo na tarar kun mai da ramin juji. Sati uku ina kwashe tokarku da fasassun tukwanenku, har da mushen jakin wani, mai shi ya san kansa. Kuna tsaye kuna cewa Mai Ramuka ya dawo da sabon hauka. Da na kai inda na tsaya shekara huɗu da suka wuce, na sa dagin Dogara. Kamu biyu ne. Kamu biyu kacal ke tsakanin gwiwata da ruwan da ke cikin gugunanku yanzu.

Na so in ɗora muku laifin duka, na yi shekara huɗu ina shirya zagin da zan yi muku, kuma kun ci rabinsa yau. Ragowar nawa ne. Shi wancan bawan Allah sai da gari guda ya taru ya zuba masa ƙasa, kuma ko a haka bai saki ƙarfensa ba. Ni ba wanda ya zuba mini ko tsakuwa. Dariya kawai kuka yi, na kama igiya na hau da ƙafata.

Iyakar abin da na gano ke nan, Allah ne masanin abin da ya fi haka zurfi. Ku ɗebi ruwanku ku ba ni wuri. Amma na ji wasu sun fara kiran ta Rijiyar Tunau, to kada in sake ji. Duk wanda ya zura guga a nan ya ce Rijiyar Dogara, in ɗansa ya tambaye shi wane ne Dogara, ya zauna ya gaya masa.